Kundin aiki: gyaran shafin kantin atamfa mai jan ƙafa

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau na karɓi aikin. Shafin na wata Hajiya ce mai shago a Kantin Kwari, tana sayar da atamfa da leshi da shadda, sari da ɗai-ɗai. Kan WordPress, manhajar gina shafi, da WooCommerce, mai mayar da shi kanti, aka gina shi, wanda ya gina ɗin kuma ya daɗe da kama wata harkar. Kukan Hajiya ɗaya ne: sai ta ɗora linkin kaya a sitatus ɗinta na WhatsApp, mutane su danna, su yi ta kallon farin allo, su gaji su dawo su ce mata, "Hajiya, turo min hoton kawai."

"Injiniya, ni fa a wajena lafiya lau yake buɗewa," ta ce, ta miƙo min wayarta. Gaskiyarta, nan take ya buɗe. Na ce, "Ranki ya daɗe, wayarki iPhone ce, kina kan intanet ɗin shago, kuma kullum sai kin shiga, burauzarki ta riga ta adana rabin shafin." Na ari Itel ɗin yaron shago na buɗe da datarsa. Muna tsaye har Hajiya ta sallami mai sayen turmi biyu, hoton farko bai gama fitowa ba.

Ma'aunin da zan bi na Google ne, Core Web Vitals, kuma abu uku yake dubawa. LCP shi ne lokacin da abu mafi girma a fuskar shafi yake bayyana: ana so kada ya wuce sakan 2.5, in ya haura 4 ya faɗi. CLS yana auna yadda abubuwa ke zamewa daga mazauninsu ana cikin buɗewa, iyakarsa 0.1. INP, wanda ya gaji tsohon ma'aunin FID ran 12 ga Maris 2024, yana auna jinkirin da ke tsakanin taɓa maɓalli da ganin ya amsa, kada ya wuce milisakan 200. A PageSpeed Insights, shafin Google na gwada gudu, shafin Hajiya ja ne zir, LCP ya haura sakan goma. Wannan gwajin yana kwaikwayon matsakaiciyar waya ne a kan layi mai gudun megabit 1.6. Wasu masu gina shafi kan ce ya cika tsanani. Wanda ya taɓa neman sabis a tsakiyar Kwari da la'asar ba zai faɗi haka ba.

Wa'adi shi ne kafin azumi, wanda ake sa ran kamawarsa farkon Maris. Masu ɗinkin Sallah da wuri suke saye, don teloli ba sa daɗewa suke rufe karɓar aiki.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na kwafe shafin da rumbun bayanansa gaba ɗaya na ajiye, na kuma kafa shafin gwaji a gefe. Ba abin da zan taɓa a kan na ainihi sai na gan shi ya zauna a can.

Na duba ta inda mutane ke shigowa, kuma abin da na gani ya sauya tsarin aikin. Ba a cika bi ta shafin farko ba. Daga WhatsApp da Instagram suke faɗowa kai tsaye kan shafin kaya guda, leshin nan ko atamfar can. Duk adon da aka zuba a shafin farko, Hajiya ce da mu masu aiki muke ganinsa. To, shafin kaya shi ne filin aiki, sai kwando, sai wurin biya. Shafin farko ya jira layinsa.

Talata, 21 ga Janairu

Jiya hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Na kai wa Hajiya labarin, don ya fi duk wani bayanin LCP shiga kunne: shafin kaya ɗaya nasu ya kusa megabait tara. Matar da ta leƙa leshi goma kafin ta zaɓi na anko ta ƙona abin da ya kusa megabait ɗari, kuma daga aljihunta.

Kusan duk nauyin hotuna ne. Na ɗan sha mamaki da farko, domin tun siga ta 5.3 a 2019 WordPress kan rage duk hoton da ya wuce fiksal 2560 da kansa. Da na buɗe ma'ajiyar hotunan sai dalilin ya fito. Yaron shago yana ɗaukar hoto, ya shigar da shi wata manhajar waya ya buga tambarin shago da lambar kaya, manhajar kuma ta fitar masa da shi a PNG. Shi kuwa wancan ragin ba ya taɓa PNG, da gangan aka ware shi. PNG an yi shi ne don tambari da zane mai launi kaɗan. Ka ba shi hoton leshi mai ƙananan huji da duwatsu masu ƙyalli, sai ya kumbura ya kai megabait huɗu ko biyar. Jigon shafin kuma, wato abin da ke tsara fuskarsa, maimakon ya kira ƙaramin kwafi, cikakken yake jawowa ya matse shi cikin allon waya mai faɗin abin da bai kai fiksal 400 ba.

Akwai na biyu. An taɓa sa wani fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress, na "ƙara gudu" wanda ke hana kowane hoto saukowa sai an gangaro kusa da shi. Dabarar mai kyau ce ga hotunan ƙasa, shi ya sa WordPress ya shigo da ita cikin gidansa tun 5.5 a 2020. Amma wannan fulogin har babban hoton sama yake riƙewa, sai JavaScript ɗinsa, rubutun umarnin da burauza ke gudanarwa, ya gama saukowa ya ba da izini. Hoton da aka zo gani shi ne ya koma ƙarshen layi. Na kashe shi, na bar na WordPress, na tabbatar babban hoton yana ɗauke da fetchpriority="high" don burauza ta fara da shi. Na gyara jigon ya riƙa ba da srcset, wato jerin kwafin hoto masu girma daban-daban, kowace waya ta ɗauki girman da ya dace da allonta.

Sauran aikin na haƙuri ne: mayar da dubban hotuna WebP, tsarin hoto marar nauyi wanda WordPress ke karɓa tun 5.8. Na bar kwamfuta tana yi, na tafi gida.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun ɗan ja da Hajiya yau, kuma tana da hujja. Na nuna mata samfurin sababbin hotuna a shafin gwaji, ta ɗauko wata jar atamfa daga kan kanta ta kara kusa da allo. "Wannan ba kalar kayana ba ce. Ja ne mai haske, ka mayar min da shi kamar an wanke sau biyar. In mace ta saya ta ga daban, ni za ta kira, ba kai ba."

Mai sayar da takalmi zai iya haƙura da hoto mai ɗan dishi-dishi. Mai sayar da zane ba shi da abin nunawa sai launi da zubi. Abu biyu ne ke cin launin. Hotunan da Hajiya ta ɗauka da iPhone suna zuwa da bayanin launi na Display P3, wanda ya fi sRGB, tsarin launin da aka saba da shi a intanet, faɗi. Wasu manhajojin matse hoto sukan yar da wannan bayanin don rage nauyi, burauza kuma ta karanta lambobin a matsayin sRGB, sai ja da kore su kwanta. Maganinsa a fara juya hoton zuwa sRGB kafin a cire komai. Na biyun a jikin WebP yake: matsinsa yana ajiye haske cikakke, amma launi rabi-rabi yake ɗauka a tsaye da a kwance, shi ya sa gefen jan fure a kan farin ƙasa ke yin kamar ya zuba. Cwebp, manhajar juya hoto WebP, yana da zaɓin sharp_yuv da ke rage wannan sosai.

Muka yi sulhu haka: hoton da ke fara fitowa matsakaici ne, wajen kilobait ɗari zuwa ɗari da hamsin, leshi kuma na ɗaga masa inganci fiye da shadda mai launi ɗaya, tunda shi ne ya fi wahalar matsewa. Babban kwafi yana nan, amma ba ya saukowa sai mutum ya taɓa hoton don ya duba saƙar. Hajiya ta sake kara atamfar, ta juya ta wajen hasken ƙofa, ta ce, "To, yanzu ka yi magana."

PageSpeed zai so in ƙara matsewa. Ba zan ƙara ba.

Laraba, 29 ga Janairu

Sharar fulogin. Sun haura talatin. Biyu na aiki iri ɗaya, ɗaya na fom ɗin da ba kowa ke cikewa, ɗaya na sauya kuɗi zuwa dala da fam alhali ba a taɓa sayarwa da su ba, ɗaya kuma na zubo dusar ƙanƙara a allo lokacin Kirsimeti, a Kano. Kowannensu yana cusa nasa CSS da JavaScript a kowane shafi. Ɗaya bayan ɗaya na riƙa kashewa ina gwada saye har wurin biya. Kusan rabi sun tafi. Rubutun Paystack na bar shi a shafin biya kaɗai, inda ake buƙatarsa.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Nauyi ya sauka ƙasa da megabait ɗaya da rabi, amma har yanzu akwai shirun nan na farko, kusan sakan uku kafin harafi ɗaya ya iso. Wannan ba laifin waya ba ne, daga saba ne, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta. Shawarar Google ita ce amsar farko ta iso cikin sakan 0.8.

Sabar haya ce ta gamayya a Amurka, ɗaruruwan shafuka a kan na'ura ɗaya. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kilomita 200 ne a milisakan ɗaya, ba mai ƙara masa. Kafin burauza ta karɓi komai sai ta je ta dawo sau uku: ƙulla TCP, musayar makullin TLS, sannan roƙon shafin, ban da neman adireshi a DNS. Saƙo daga Kano sai ya gangara Legas, ya shiga ɗaya daga wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne ko Glo-1 ko WACS ko Equiano, ya bi ta Turai, sannan ya tsallaka Atlantika. Kowane zuwa da dawowa sai an biya wannan nisan.

Nisa rabin labarin ne. Shafin na kan PHP, harshen da WordPress ke aiki da shi a saba, siga ta 7.4, wanda aka daina yi wa ko gyaran tsaro tun Nuwamban 2022. A teburin wp_options kuma, bayanan da WordPress ke ɗagowa duk lokacin da aka buɗe kowane shafi sun haura megabait uku. Shafin duba lafiya na WordPress kan fara gargaɗi ne daga kilobait 800. Mafi yawansu ragowar fulogin ne da aka goge tun tuni, sun tafi sun bar kayansu. Teburan Action Scheduler, mai jera ayyukan da ake yi a bayan fage, ma sun cika da ayyukan da suka gaza, na wani fulogin aika saƙo da ke ta ƙoƙarin kiran adireshin da ya mutu.

Sai kwandon saman shafi. WooCommerce na da wani kira, get_refreshed_fragments, da ke tambayar saba abin da ke cikin kwando. Tun siga ta 7.8 a 2023 suka daina sa shi a kowane shafi sai inda aka sa ƙaramin kwando. Jigon Hajiya kuwa ya manna ƙaramin kwandon a kan kowane shafi, don haka ko wanda bai zaɓi komai ba sai ya tayar da PHP gaba ɗaya a gaya masa kwandonsa wayam ne. Na sa kiran ya tashi ne kawai in akwai kukin woocommerce_items_in_cart, alamar da shafin ke bari a burauza in an saka kaya a kwando.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An yi ƙaura daren jiya, bayan an rufe kasuwa kuma oda ta lafa. Sabuwar sabar a Landan take, PHP 8.2 da OPcache, da Redis don rumbun bayanai ya huta da amsa tambaya ɗaya sau dubu. Na yi tunanin ajiye ta a Legas, kuma akwai hujja: wanda ya ga 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin teku huɗu suka katse a gaɓar Kodebuwa, ya san amfanin abu ya zauna a gida. Kuɗin da Hajiya ta ware ne ya yanke hukunci, ga kuma masu saye da take da su a Ingila da Saudiyya.

Na sa Cloudflare, masu adana kwafin shafi kusa da mai buɗewa, a gaba, tunda suna da cibiya a Legas. Hanyar dubawa mai sauƙi ce: ka ƙara /cdn-cgi/trace a bayan adireshin shafi, ka nemi layin colo. In ka ga LOS, daga Legas aka ba ka. Na gwada da layukan waya daban-daban, wani ya nuna LOS, wani ya nuna wani gari a Turai, gwargwadon yadda kowane kamfani ya bi da hanyarsa.

Na yi wa Hajiya bayanin adana kwafin shafi da abin da ta sani: kayan da aka fi tambaya a gaban shago ake jera su, ba a aika yaro sito duk zuwan mai saye. Sai dai a kanti wannan dabarar tana da kaifi. Kwando da wurin biya da asusun mai saye ba a adana su ko kusa, in ba haka ba wata za ta buɗe ta tarar da kayan wata, har da adireshinta. Duk mai ɗauke da kukin kwando ko wanda ya shiga asusunsa, kai tsaye saba yake wucewa. Na kuma haɗa yadda in an sauya farashi ko kaya ya ƙare, kwafin wannan shafin zai goge nan take. Da yadda farashi ke motsi a Kwari, kwafin jiya rigima ce.

Amsar farko yanzu ƙasa da rabin sakan take a shafin da aka adana.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Haruffa. Jigon na jawo iyali uku daga Google Fonts, kowanne da kauri kala-kala. Da can akan ce ai burauza ta riga ta samo su daga wani shafin, amma tun Chrome 86 a 2020 kowane shafi da tasa ma'ajiyar, wannan ribar ta wuce. Na bar iyali ɗaya, kauri biyu, a WOFF2, a kan sabarmu, da font-display: swap don rubutu ya fito ko salon bai iso ba.

Wajen rage fayil ɗin akwai tarkon da jagororin Turawa ba sa ambata. Sukan ce ka bar rukunin latin ka yar da saura. A rabon Google Fonts, ƙ da ɗ da ɓ suna cikin latin-ext ne, haka ma alamar ₦. Ka yar da shi, kowane farashi ya fito da alamar naira ta wani salo daban, ko akwati fanko a tsohuwar waya. Na yanka fayil ɗin da hannu: latin, da haruffanmu manya da ƙanana, da ₦. Na buɗe shafin "ɗinkakkun kaya" a Itel don in gani da idona.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

CLS bai ba da wahala ba. Hotuna ba su da faɗi da tsawo a rubuce, sai wani allon sanarwar rangwame da ke faɗowa daga sama ya tura komai ƙasa daidai lokacin da yatsa ke kan "Saka a kwando". Na ware masa gurbinsa tun farko.

INP ne ke da saura. A Itel, in ka zaɓi yadi biyar maimakon turmi, sai farashi ya yi jim kafin ya sauya. Babban mai laifi akwatin hira ne na wani kamfanin waje da ke zaune a kusurwar allo, nauyinsa ya fi na sauran JavaScript ɗin shafin a haɗe. Na tambayi yaron shago wa ke amsa saƙonnin ciki. Ya ce shi bai ma san kalmar sirrin ba. Na cire, na sa maɓalli mai linkin wa.me da ke buɗe WhatsApp da sunan kayan a rubuce. Ba ya jawo komai, kuma can ɗin dai ake ƙarasa ciniki.

Bidiyon shafin farko kuwa Hajiya ta ce ba inda za shi, kuɗi ta biya aka ɗauka. Ban ja ba. Na sa hoto a madadinsa, bidiyon ya jira a danna. Ra'ayina dai bai sauya ba, amma tunda ba ta nan masu saye ke shigowa ba, ba faɗan da ya cancanci a yi ba ne.

Litinin, 3 ga Maris

An ɗauki azumi shekaranjiya Asabar. Ziyara ta ƙaru, musamman bayan tarawih da wajen sahur.

Hajiya ta kira da safe, wani ɗan'uwanta ya duba mata PageSpeed ya ce har yanzu akwai ja. Na yi mata bayani cewa allon kashi biyu ne. Na ƙasa gwajin nan take ne, kuma LCP ɗinsa yana tsakanin sakan biyu da uku. Na sama daga wayoyin masu shiga na gaske ake tara shi ta Chrome, na kwana 28 da suka wuce, kuma ba matsakaici ake ɗauka ba, sai kashi 75 cikin ɗari na ziyara sun cika sharaɗi. Har yanzu akwai kwanakin tsohuwar saba a cikin lissafin. Don kada mu zauna jira, na sa ƙaramin rubutun web-vitals yana turo min alƙaluma kullum.

Shi ne ma ya tona wata ɓaraka. Sababbin kayan Sallah da aka ɗora makon jiya sun fi kowane shafi nauyi, don yaron shago ya koma manhajarsa mai PNG. Ban ga laifinsa ba, kaya na sauka dila-dila, Hajiya na cewa a ɗora yanzu-yanzu. Faɗa masa da baki ba zai riƙe ba a irin wannan lokacin. Na sa saba ta riƙa karɓar duk abin da ya ɗora, ta juya shi sRGB, ta rage girmansa, ta buga tambarin da kanta, ta fitar da WebP. Shi dai ya ɗauki hoto a hasken rana ya tura. Ya ce, "Yallaɓai, ai ka rage min aiki ma."

Litinin, 17 ga Maris

Allon sama ya juya. LCP da CLS kore ne a waya. INP yana ruwan ɗorawa, ɗan sama da 200, kuma na san inda yake: shafin rukuni, inda ake tace kaya da launi da farashi. Jigon yana sake zana jerin gaba ɗaya duk taɓawa ɗaya. Gyaransa na nufin sake rubuta wannan ɓangaren, ba kuma zan buɗe shi ana saura mako biyu Sallah ba.

Ta fuskar ciniki, Hajiya ta ce masu cewa a turo musu hoto sun ragu, oda ta shafi kuma ta ƙaru. Na gaya mata kada ta ɗora duka a kan aikina, lokacin kasuwa ne, ko ba a taɓa komai ba za a ga ƙari. Sai mun gwada watan bayan Sallah da irinsa na bara za a san rabon kowa.

Daga yau na kulle shafin: ba sabunta jigo, ba sabon fulogin, sai gyaran tsaro in ya taso. Bayan Sallah akwai matatar shafin rukuni, akwai kuma mayar da odoji zuwa HPOS, teburan da WooCommerce ya ware musu, wanda sababbin kantuna ke zuwa da shi tun siga ta 8.2 a Oktoban 2023. Wannan zai sauƙaƙa wa yaron shago neman oda a ɓangaren gudanarwa, inda yanzu yake jira kafin jerin ya buɗe. Fulogin ɗin da ke buga takardar aika kaya tasha bai nuna yana tafiya da HPOS ba tukuna, na rubuta wa masu shi ina jiran amsa.